Kwaɗon Mani

Na san abin da Gwaggonku Tumba ta gaya muku game da motar nan, domin ko a gabana ta sha faɗarsa, Allah Ya jiƙanta. Ta ce babanku ya ƙera mota da hannunsa, saura ƙiris duniya ta san sunansa, sai matarsa ta sa baki ta kashe maganar. Ku kuma kun taso kuna ganin gangar jikin motar a bayan gida, ba taya ba inji, kaji suna ƙwai a mazaunin direba. Ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku, ina jin don kunya. To yanzu idona ya fara rauni, gara in rubuta muku yadda abin ya kasance tun ina ganin layin takarda. Gwaggonku ba ta yi ƙarya ba. Rabin labarin ne kawai ya shiga kunnenta.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan daga Zurmi, babanku ya riga ya bar aikin reluwe, inda ya yi shekaru yana gyaran kawunan jirgi a nan tashar Kaura, ya buɗe garejinsa a bakin hanyar Shinkafi. Mutum ne mai nauyin baki. Zai yini da kai bai yi jimla goma ba, amma in mota ta wuce a titi sai ka ga ya karkata kai, ya ce waccan ba za ta kai Gusau ba, kuma ba ta kaiwa. Bokon da nake rubuta muku wannan da shi ma shi ya koya mini, a bayan kwalin fulogi. A ƙasan akwatinsa na ƙarfe akwai shafi guda na wata mujallar Turawa da wani injiniya ya bari a ofishin tasha. Hoton wata mota ce gajera ƙwarai, kamar an danne ta da tafin hannu, an kuma zana ta a tsage yadda za ka ga cikinta. Wata rana bayan la'asar ya shimfiɗa mini takardar a kan tabarma.

"Kulu, duba nan. Ina injin wagga mota shike?"

Na ce a gaba mana, inda na kowace mota yake.

"A'a. Ga shi nan, bayan mai tuƙi, gaban tayun baya. Tsakiya sunka sa shi."

"To mi ya kai shi nan?"

"In za ki ɗauki yaro ki yi aiki, ina kike sa shi? Bisa kai?"

"Ga baya nike goya shi."

"Don mi?"

"Don in duƙa in juya bai rinjaye ni ba."

"To ita ma haka na. Nauyinta na tsakiya. Duk inda ka juya ta, binka za ta yi."

Ya naɗe takardarsa, ya ce yana so ya ƙera irinta. Na yi dariya, don na ɗauka wasa ne. Shi bai yi ba.

Shekara uku aka yi ana aikin nan, kuma ba a gareji ba, a nan bayan gida, don ya ce ba ya son bakin mutane. Shi ya sa komai a idona aka yi shi. Abokin aikinsa ɗaya ne, Cindo mai walda, sa'ansa tun zamanin reluwe, wanda Allah Ya ba shi duk surutun da Ya hana babanku. Ƙashin motar da bututun ruwa suka haɗa shi. Jikinta kuwa fallayen alminiyam ne na wani tsohon tarago da aka yi gwanjonsa. Injin sun ciro shi ne daga wata 'yar motar Jamus mai doro kamar kunkuru, wadda ta faɗi a hanyar Gusau mai ita ya haƙura da ita. Irin injin nan ba ya shan ruwa, iska ke sanyaya shi, kuma a kwance yake, ba tsayi gare shi ba. Abin da ya ba su wuya shi ne lanƙwasa ƙarfen ya yi kumburi kamar na hoton. Sun gwada a kan kututture, sun gwada a kan buhun yashi, bai yi ba. Ran nan na fito zan yi sussuka na nemi turmina na rasa, wanda aka kawo ni da shi daga gidanmu. Na zagaya baya, sai ga shi a kishingiɗe, babanku ya ɗora falle a bakinsa yana bugu da gudumar itace, ƙarfen yana nutsewa a hankali kamar ƙwarya. Duk kumburin da kuke gani a saman tayun motar nan, bakin turmina ne. Kafin su gama ya tsage tun daga sama har gindi. Na yi fushin kwana biyu. Cindo ya ce in yi haƙuri, ai turmina zai shiga tarihi, na ce tarihi ba ya daka mini hatsi.

Ranar da suka fara tayar da motar, labari ya riga ya fita, don ƙarar walda ba ta ɓoyuwa. Da hantsi suka turo ta filin da ke bayan gidanmu, inda ake zubar da ɓawon gyaɗa. Mutane sun cika, har da masu lodin tasha da direbobin Shinkafi. Ni ina leƙe ta ramin katanga, da kai Sani a bayana. Babanku ya shiga, ya murza makulli, ta kama bugu ɗaya. Ya ɗaga wa jama'a hannu su kauce daga gaba, suka kauce suka koma baya. Ya sa giya ta ɗaya ya saki kuloci. Sai motar ta zabura da baya! Mutane suka watse, wasu suka bar takalma, wani mai rake ya kifa da farantinsa, ita kuwa ba ta tsaya ba sai da ta nutse cikin tarin ɓawon gyaɗa. Babanku ya fito ɓawo har cikin hularsa. Ya zagaya ta sau biyu, ya sake shiga, ya gwada giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Cindo ya matso ya tambaye shi lafiya.

"Giya huɗu na baya, guda ta gaba," in ji babanku.

Cindo ya zauna a ƙasa don dariya. "Mani, mun yi abin da Bature bai taɓa yi ba! Wagga in kana son zuwa Shinkafi sai ka fuskanci Gusau!"

Dalilin ba wani abu ba ne. A motar asali injin yana can ƙarshen baya ne, su kuma sun juya shi da giyabos ɗinsa don ya dawo tsakiya, sai tayu suka koma juyawa a birkice. Sati biyu ya yi da giyabos a buɗe a kan tabarma, har ya gano wani babban faifai mai haƙora da in an mayar da shi ɗaya gefen komai zai daidaita. Amma suna ya riga ya kama ta. Shi Barewa ya so a kira ta. Mutanen Kaura suka dubi yadda ta manne da ƙasa, ga fitilu biyu a tsaitsaye kamar idanu, ga tsallen da ta yi, suka ce Kwaɗon Mani. Ku yafe mini da na rubuta sunan babanku, haka garin ke kiranta, ba yadda zan yi.

Kujerun ni na yi su. Ya sayo jar fatar akuya ranar kasuwar Shinkafi, na yanka na ɗinka a kekena, na karya allura ban san iyaka ba, na cusa audugar rimi. Biyu ne kacal, don motar ba ta da wurin mutum na uku. Da ya kafa su ya tsaya yana kallo, sai ya ce mini gobe in an idar da sallar asuba in shirya, in kai ka gidan Gwaggonku. Na ce ina za mu? Ya ce wanda ya ɗinka kujera shi ya kamata ya fara zama a kanta.

Gari na wayewa muka kama hanyar Zurmi, inda ba a daɗe da zuba kwalta ba. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Zama ne kamar a kan tabarma, ƙasa tana nan kusa da gwiwar hannunka, babu rufi a sama. Injin yana bayan kafaɗunmu, ina jin ɗuminsa da rawar jikinsa a gadon bayana, kamar na goyo mai zazzaɓi. Da muka fita gari ya taka totur, kukoki da gonaki suka riƙa zuwa suna wucewa, iska ta cika mini baki na kasa ko salati. Akwai wata kwana kafin gada wadda manyan motoci ke rage gudu su bi a hankali. Bai taɓa birki ba. Ya ɗan karkata sitiyari, motar ta bi kwanar kamar an ja ta da zare. Na dube shi, sai na ga yana dariya, baki buɗe, har da hawaye a gefen ido. Shekarata biyar a gidansa ban taɓa ganin dasashinsa ba sai ranar. Da muka wuce gada ya tsaya a gefen hanya, babu kowa sai wani makiyayi can nesa, ya fito ya zagayo wajena.

"Koma can."

"Ni? Malam, rufa mini asiri."

"Ke da ke taka keken ɗinki da ƙafa biyu? Wagga ta fi shi sauƙi. Koma."

Sau uku tana mutuwa a hannuna. A na huɗu ta tafi. Ban wuce giya ta biyu ba, amma na tuƙa ta daga gadar nan har wata babbar tsamiya, ya kai tafiyar rabin sa'a a ƙafa. Ba wanda na taɓa gaya wa wannan, ko uwata. Bayan wannan mun sake fita sau huɗu, kuma kowane fita sai ya ba ni. A na ƙarshe har giya ta uku na sa.

Ba a jima ba wani jami'i da ya zo rangadi daga Sakkwato ya gan ta a ƙofar gareji. Ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya ƙi yarda a Kaura aka yi ta sai da Cindo ya nuna masa tabon wuta a hannuwansa. Bayan wata biyu takarda ta zo. Za a yi babban baje koli a Kaduna, ana so a kai motar, manyan masu masana'antu za su gani, an ma ware mata tarago a jirgin Kaura. Babanku ya ce tare za mu tafi. Ni da ban taɓa wuce Gusau ba, na sayi atamfa shuɗiya na ɗinka na ajiye a ƙasan akwati. Kullum sai na buɗe na duba ta.

Amma shekarar ba ta alheri ba ce. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke gero yana bununi, ga bazara ta shigo da zafin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Saura sati uku tafiyarmu sai ga Yaya Nomau, wan babanku, daga Galadi. Galadi can ne tushenku, bayan Shinkafi, kuma can kakarku Inna take zaune a gidansa. Ya ce rijiyoyin garin duk sun ƙafe. Abin da ya rage shi ne rijiyar burtsatse guda ta bakin gari, wadda wani tsohon injin dizal ke ja wa famfo, ga shi injin ya tsaya kwana shida ke nan. Ya roƙi ƙaninsa ya zo ya duba. Babanku ya ɗauki akwatin sifanunsa, ni kuma na ce zan bi shi in gaida Inna.

Abin da na gani a Galadi bai bar ni ba har yau. Mata suna tashi tun asuba su tafi gulbi, su tona yashi har iya ƙugu, su zauna jiran ruwa ya tsatso cikin ludayi, sai azahar su dawo da rabin tulu. Shanu suna kwance a gindin itatuwa ba sa ko korar ƙuda. Yara da yawa gudawa ta kama su saboda ruwan kududdufi. Gidaje sun fara ɗaure kaya. Inna ta tarbe ni da fara'arta, ta kawo mini ruwa a moɗa, ja kamar kunun kanwa, ta tsaya a kaina sai na sha, don ni baƙuwa ce. Da aka kira azahar na ga ta je gindin katanga ta durƙusa, ta buga tafukanta a ƙasa ta shafa fuska. Tsohuwar da ban taɓa ganin ta zauna ba alwala ba, ga ta tana taimama a tsakar gidanta. Babanku ya shigo daidai lokacin, hannunsa duk baƙin mai. Ya tsaya ya gan ta. Ya ce mata ta shirya mu tafi Kaura tare.

"In tahi in bar wa garin?" in ji ta. "Waɗanda ba su da ɗa Kaura fa, su bi wa? Nan anka binne ubanku, nan nike."

Injin kuwa ba ya gyaruwa, gangar jikinsa ce ta tsage. Da muka dawo babanku ya tafi Gusau, ya wuce Funtuwa, ya aika Sakkwato, neman wani injin ko wane iri. A shekarun nan kayan gyara sun yi wuyar da ko fulogi sai da sanayya. Ya dawo hannu wofi. Ya daina cin abinci sosai. Yakan zagaya baya ya ɗauki tsumma ya yi ta goge motar da babu ko ɗigon datti a jikinta.

Saura kwana tara tafiya, ina wanki, na lalubi aljihun rigarsa na ji takarda. Zane ne da fensir. Na gane famfon Galadi, na ga bel, wato igiyar robar da ke juya shi, ya taso daga gare shi, a ɗaya ƙarshen kuma ga wani inji a kwance. Shekara uku ina kallon injin nan, ko a mafarki na san shi. Ya auna komai, har tsawon bel ya rubuta. Na share hannuna na zagaya baya.

"Malam, wagga takarda na tsinta ga aljihunka."

Ya duba, ya ci gaba da goge-gogensa. "Zane na kawai."

"Za shi ja famfon?"

"Za shi ja. Ko ruwan sanyaya shi ba a nema."

"To mi ake jira?"

"Shekara ukku, Kulu. Kwana tara sunka rage. In anka gama baje kolin, ranar da munka dawo in kwance shi in kai musu."

"Kwana tara, da kwanakin can, da na dawowa. Wata guda ke nan. Ka ga garin da idonka. Wa za ka iske?"

"Na gani."

"Ni ba ni da kowa Galadi in ba naka ba. Amma wallahi ba ni iya tsayawa Kaduna da sabon zane, mutane na tafa ma mota hannu, Inna na buga nata ga ƙasa."

Ya ajiye tsumman. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya ce, "Ashe ke ma ba ki so ta."

Wannan ta soke ni. Na ce da ƙarfi, ina kuka, "Ka kwance injin nan, Malam! Ka kwance shi yau!"

Daidai nan Gwaggonku ta yi sallama ta shigo, kuma wannan kaɗai ta ji. Ita a ganinta a je a ɗauko Inna ko da ƙarfi, sauran garin kuma ai gwamnati na nan, ɗan'uwanta kada ya yar da sa'ar da ba ta zuwa sau biyu. Ban taɓa ganin laifinta ba. Son shi take yi, kuma game da sa'ar, ita ce ta yi gaskiya.

Bayan azahar babanku ya aika aka kira Cindo. Suka sa jak, suka shiga ƙarƙashi. Ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da injin, ina daga madafi ina jin faɗuwar kowace a cikin tasa. Cindo da bakinsa ba ya hutawa, ranar ko tari ban ji ya yi ba. Washegari suka ɗora injin a motar kasuwa suka tafi. Ban bi su ba. Yaya Nomau ne ya ba ni labari daga baya. Kwana biyu suna kafa shi a kan katakon reluwe, suna walda, suna gwada bel. A na uku da hantsi babanku ya tayar da shi. Bututu ya yi ta tari, ya tofar da iska da tsatsa, sannan ruwa ya ɓalle. Mata suka yi ta guɗa, shanu suka miƙe da kansu suka nufo wurin. Aka buɗa wa Inna hanya ta fara yin alwala. Da aka nemi babanku a yi masa godiya, sai aka same shi can gindin wata bagaruwa shi kaɗai, ya juya wa jama'a baya.

Ranar da jirgin zai tashi yana gida. Mun zauna ke nan na ajiye masa fura, sai muka ji kukan jirgin daga tasha, dogo, sau biyu. Ya ajiye ludayin ya tashi ya fita. Ni kuma na shiga ɗaki na buɗe akwati na dubi atamfata. Ban taɓa ɗaura ta ba, daga baya na ba wata mai jego. Kowa ya yi ta jajanta wa babanku, har daga Zurmi ana zuwa. Ba wanda ya san akwai wata a cikin gidan da ta rasa Kaduna, ta kuma rasa sitiyarin da ta fara sabawa da shi. Na yi kukana a madafi na ce hayaƙi ne.

Ya yi wajen kwana arba'in ba ya yi mini magana sai ta dole. Bai rage ni da komai ba, gaisuwa ma yana amsawa, amma hirar la'asar ta mutu, karatun kwali ya tsaya. Na sha cewa a raina da na yi shiru, wataƙila da kansa zai kai ga abin da na tura shi, ya zama nasa ne ba nawa ba. Har yau ban sani ba. Ran nan ya je Galadi duba injin, ya dawo da yamma, sai na ji ana sauke wani abu mai nauyi a zaure. Ya mirgino shi da kansa har tsakar gida. Sabon turmi ne na ƙirya, an sassaƙa masa ado a gindi.

"Ga turminki," ya ce. "Inna ta yi ƙiba."

Ya jawo tabarma ya zauna, ya ce in kawo fensir a ga ko na manta baƙaƙena. Iyakar abin da aka yi ke nan, kuma ya ishe ni.

Da farko cewa yake bayan damina zai ɗauko injin. Damina ta zo da albarka, amma garin ya riga ya saba da famfo, shi kuma ba mai buɗa baki ya ce a ba shi abin da ya bayar ba ne. Ya rubuta wa mutanen Sakkwato, aka ce jami'in nan an yi masa canjin wurin aiki, ba a sake aiko wata takarda ba. Da kaya suka wadata, irin injin nan sun ratsa ta garejinsa ba adadi. Sau ɗaya ya kawo wani gida ya ajiye kusa da motar, ya yi wata uku yana kallonsa, sannan ya sa wa wani direba a motarsa. Na tambaye shi dalili, ya ce hannunsa ne ba ya so. Ban ƙara tambaya ba. Ku kuka yi ta zuwa duniya, hidima ta ƙaru, Cindo ya rasu, tayun motar aka sa wa amalanke. Abin da bai taɓa fasawa ba shi ne, duk shekara kafin bazara sai ya ɗauki akwatin sifanunsa ya tafi Galadi, ya kwance injin nan gaba ɗaya ya wanke ya mayar. Ya fi shekara ashirin yana haka. Yanzu hanyar ta lalace da 'yan bindiga, mutanenmu da yawa sun bar garin, duk wanda na tambaya ko injin yana nan sai ya ce bai sani ba.

A shekararsa ta ƙarshe ciwo ya kwantar da shi, bai samu zuwa ba. Ku lokacin kuna makarantu da wuraren aiki, ba ku ga wannan ba. Yaya Nomau ya zo duba shi, shi ma ya tsufa, da sanda yake tafiya. Na shimfiɗa masa buzu kusa da gadon. Suka gaisa, aka yi addu'a, sai babanku ya tambayi injin.

"Shina nan shina aiki," in ji Yaya. "Sai dai muryarshi ta ɗan sake."

"Yaya take? Yi mini in ji."

"Kai Mani, da girmana?"

"Yi mini, Yaya."

Tsohon nan mai furfura har gira ya gyara zama, ya kumbura kumatu, ya fara: tuf-tuf-tuf-tak, tuf-tuf-tuf-tak. Ni na toshe baki da mayafi. Babanku ya rufe ido ya karkata kai, ya ce a sake. Aka sake. Ya ce a rage sauri. Aka rage.

"Bawul na, na silinda ta ukku," ya ce. "Ta gefen gabas, ta baya. Ya yi sako-sako. A bari injin ya huce sarai, a ɗaure shi kaɗan, kamar kaurin takarda biyu. Kada a matse."

Ya sa na rubuta a takarda na ba Yaya, ya karɓa ya sa a cikin hularsa ya koma. Bayan kwana biyar Allah Ya karɓi ran babanku, da hantsin Talata. Saƙonmu da nasu suka yi saɓani a hanya. Muna zaman makoki washegari, tsakar gida cike da mata, sai wani direban motar Shinkafi ya yi sallama a ƙofa. Bai san abin da ya faru ba, daga tasha ya zo kai tsaye. Ya ɗaga murya yadda za a ji shi daga ciki.

"A gaya ma Mani, in ji Nomau, an ɗaure. Na ukkun ne. Muryar ta dawo."

Matan suka juyo suna dubana. Ni kuwa dariya ce ta kubce mini, da hawaye da komai, na kasa tsayar da ita. Na ce a ba mutumin ruwa ya sha, a ce masa saƙo ya iso.